Maganin fesawa a hanci mai sitiroyid: amsa ga wani ɗan kasuwar Kwari

Wani bawan Allah mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ya turo min tambaya, ya ce duk shekara da hunturu ya kama shikenan shi da hanci sai kokawa, atishawa goma a jere da asuba, majina kamar an kunce famfo, ido na ƙaiƙayi, da daddare hanci ya toshe sai da baki yake numfashi har maiɗakinsa ta fara ƙorafin minshari. Likita ya rubuta masa fluticasone na fesawa, yai kwana uku bai ga komai ba, a rana ta huɗu ya ga jini-jini a hankici, ga maƙocin shagonsa ya ce masa ai sitiroyid ne yana kumbura fuska ya kashe ƙoda, sai ya jefa shi a durowa ya koma kan Otrivin ɗinsa da yai wata biyu yana sawa. Yana so ya san ko maganin nan yana da illa, sannan ko zai iya fesa wa ɗansa mai shekara 7 da shi ma yake fama.

To Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Bara na fara da gaya maka abin da ba za ka so ji ba, wanda ka jefa a durowa shi ne maganinka, wanda ka riƙe a aljihu kuma shi ne yake neman zame maka ciwo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan.

Abin da yake damunka shi muke kira aleji na hanci. Fatar cikin hancinka ce ba ta jituwa da wasu abubuwa da ba sa yi wa wasu komai, ƙurar yadi, wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani da suke zama cikin katifa da kafet da labule, kashin kyankyaso, gashin mage, tattabaru, bununin gero da furen ciyawa in damina tai nisa. Da sun taɓa ta sai jiki ya ɗauka yaƙi ne ya saki wani sinadari histamin da 'yan uwansa, fatar ta kumbura kamar soson da aka tsoma a ruwa, ta dinga zubar da ruwa. Hunturu kuma ya zo ya ƙara nasa, ƙurar nan da take tasowa tun daga yankin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe mu daga wajen Nuwamba har Fabrairu ko Maris, iska ta bushe ƙarau, hancin da dama a fusace yake ya ƙara tunzura. Kai kuma ga ka a Kwari kullum ana kunce dila ana karkaɗe yadi a fuskarka.

Shi mai sitiroyid ɗin, wato fluticasone ɗinka, aikinsa ya kwantar da wannan kumburin tun daga tushe, kuma hakan ba ya yiwuwa a minti biyar. Wasu su fara jin sauƙi bayan awa 12, wasu kwana biyu uku, amma cikakken aikinsa sai an yi kamar sati biyu ana fesawa kullum ba fashi. Kaga kai kwana uku kai ka yanke masa hukunci. Kuma ba irin wanda ake ɗaukowa ranar da hanci ya toshe a ajiye ranar da ya buɗe ba ne, mutanenmu da yawa nan suke faɗuwa, mutum ya fesa Litinin ya manta sai Juma'a, ya dawo min ya ce likita maganin nan fa jabu ne.

Otrivin kuwa wani abu ne daban, babu sitiroyid a ciki, xylometazoline ne, ɗan'uwansa oxymetazoline. Matse jijiyoyin jinin cikin hanci yake yi, shi ya sa cikin mintuna kaɗan za ka ji iska ta ratsa har ƙwaƙwalwa ka ce alhamdulillahi. Amma da ya sake ka jijiyoyin sai su dawo su cika fiye da da, ka ƙara sawa, tun kana sawa sau biyu a rana har ka koma sau biyar shida, ɗaya a aljihu ɗaya a mota ɗaya ƙarƙashin matashi. Kwana uku zuwa biyar aka yarda ai da shi, kai ka yi wata biyu. Ina da yaƙinin rabin toshewar da kake ji yanzu ba ta aleji ba ce, ta maganin ce. Hanyar rabuwa da shi ita ce ka fara mai sitiroyid ɗin kullum, ka daina sa Otrivin a ƙofar hanci ɗaya tukunna, ka bar ɗayar kana sawa da daddare kawai dan ka samu barci, in waccan ta buɗe da kanta sai ka daina gaba ɗaya. Sati ɗaya zuwa biyu za ka sha wuya ba zan ɓoye maka ba, za ka zage ni a zuciyarka ma, amma yana wucewa.

Sai maganar maƙocinka. Ba ƙarya ya shara gaba ɗaya ba, ya dai haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Sitiroyid ɗin da yake kumbura fuska ta zama kamar wata ɗan daren sha huɗu, ya tada suga, ya kawo hawan jini, ya rage ƙarfin ƙashi, ya fasa fatar ciki da cinya, shi ne na sha da na allura in aka daɗe a kai, dexamethasone ɗin nan da wasu mata suke sha dan ƙiba da ake cewa sha ka fashe, da prednisolone da ake ƙulla wa mutane a leda cikin haɗin mura ko haɗin ciwon jiki ba tare da an ma gaya musu mene ne ba. Waɗannan kusan duk abin da ka haɗiya cikin jininka yake shiga ya zaga jiki. Na fesawa kuwa, fesa ɗaya na fluticasone maikurogiram 50 ne, biyu a kowace ƙofa ya zama 200 a rana, wato kashi ɗaya cikin biyar na miligiram ɗaya, a kan fatar hanci yake zama yai aikinsa, ɗan wanda ya gangara ciki kuma hanta take lalata shi kafin ya je ko'ina, abin da yake kaiwa cikin jini bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Mometasone, wanda za ka gani da sunan Nasonex, shi ma haka, haka ma wani na fesawa mai suna Avamys. Tsofaffin irin su beclometasone da budesonide sun fi waɗannan shiga jini nesa ba kusa ba, duk da su ma in an tsaya a ƙa'ida babu damuwa ga babba. Ƙoda dai ba ruwansa da ita.

Wanda nake so ka guda shi ne allurar nan ta Kenalog da wasu masu kemis suke tallata wa mutane wai a yi maka ɗaya ka huta da mura duk hunturu. Tana aiki kam, ba zan ce ba ta yi ba, amma sitiroyid ne mai yawa da zai zauna a jikinka makonni, in ya fara ɓarna babu mai iya zaro shi, mai ciwon suga sugansa ya haura, gurin allurar ya loɓa, wani in ana maimaitawa har kan ƙashin ƙugu ya lalace. A kan atishawa! Haka ɗigon ido ko na kunne mai dexamethasone ko betamethasone da ake ɗiga wa yara a hanci wata da watanni, shi yana gangarawa ciki sosai, ba ɗaya yake da na fesawa ba.

Yanzu jinin da ka gani. Kusan duk wanda ya zo min da wannan ƙorafin sai na miƙa masa kwalba na ce nuna min yadda kake yi, kuma abu ɗaya nake gani. Ya ɗaga kai sama kamar kaza ta sha ruwa, ya riƙe da hannun dama ya cusa a hancin dama, bakin kwalbar na kallon tsakiya, ya danna ya zuƙa da ƙarfi kamar mai shaƙar taba gari, sai ya yamutsa fuska ya ce ɗaci. Ɗacin nan da ya ji a maƙogwaro shaida ce maganin ya wuce inda aka aike shi, ya tafi ciki, kuɗinsa ya haɗiye. Shi kuma bangon nan na guringuntsi da ya raba ƙofofin hanci biyu, fatarsa siririya ce ga ƙananan jijiyoyin jini sun taru a gabansa, dama can nan ne haɓo yake fitowa, hunturu ya riga ya busar da shi ya tsage, kai kuma kullum kana harbinsa a guri ɗaya kana gogarsa da bakin roba, dole yai jini.

Ga yadda za kai. Ka face hanci a hankali. Ka girgiza kwalbar sosai, in sabuwa ce ko ta kwana biyu ba a taɓa ba ka danna ta a iska nesa da ido har ka ga ta fitar da feshi mai laushi kamar na turare. Ka sunkuyar da kai kaɗan kamar kana duba yatsun ƙafarka ko kana karanta rasit a kan teburi. Hannun hagu shi zai fesa wa hancin dama, hannun dama ya fesa wa na hagu, wannan canjin hannun shi kaɗai yake juya bakin kwalbar ya kalli waje, gefen kunne ko ƙarshen ido na wannan ɓangaren, can ne naman da ya kumbura yake. Kar ka cusa da nisa, bakin kawai. Ka danna kana jan numfashi a hankali kamar kana sansanar turare a gun mai sayarwa, ka fitar ta baki. In ya ɗigo ka goge, kar ka zuƙe, kuma kar ka face hanci sai bayan kamar minti 10 zuwa 15. In ɗan jini ne a majina ka huta kwana biyu uku ka dawo da wannan salon. In haɓo ne sosai ka zauna ka sunkuya gaba ka matse tattausan gurin hancin minti 10 zuwa 15 ba saki, banda ɗaga kai baya da aka koya mana tun muna firamare, jinin kawai kake haɗiya. In yana ta dawowa, ko ɓawon ciwo yaƙi warkewa a ciki, ko ka fara jin hanci na fito in kana numfashi, ka tsaya ka zo a leƙa, dan akwai hujewar bangon nan duk da ba kasafai ake ganinta ba, kuma yawanci irin wancan fesawar ce take kawo ta.

Abin da zai ninka maka amfanin maganin kuma kusan kyauta shi ne wanke hanci da ruwan gishiri kafin ka fesa. Rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, in kana da bekin soda ka sa kamar haka, ka zuba a tafin hannu mai tsabta ka shaƙa ka face, ko ka ja da sirinji marar allura. Dole a tafasa ruwan, na rijiya ne ko na 'yan garuwa ko na burtsatse. Kuma dan Allah banda kanwa, na taɓa ganin wanda ya ji an ce soda ya jiƙa jar kanwa ya shaƙa, sai da cikin hancin ya sale. Kullum a haɗa sabo. In an wanke ƙurar Kwari da busasshiyar majina, maganin a kan fata zai sauka ba a kan datti ba. Man kaɗanya ko basilin ɗan kaɗan a bakin hanci ba laifi saboda bushewa, amma ba a tura shi can ciki, man zafi kuma sanyin ƙarya kawai yake ba ka.

Akwai abin da takardar cikin kwalin ba za ta gaya maka ba tunda ba dan mu aka rubuta ta ba, wato alwala. In ka fesa sannan ka je ka shaƙa ruwa ka face sau uku ka wanke maganinka tas. Ka mayar da shi bayan alwala, ni na fi ce wa mutane su ajiye kwalbar kusa da inda suke ajiye carbi ko buroshi, da an dawo daga Asuba a fesa, kaga an samu tazara mai tsawo kafin Azahar kuma ba a mantawa. Da azumi kuma malamai sun yi saɓani a kan abin da ya bi ta hanci ya kai maƙogwaro, ni ba malami ba ne ba zan ba ka fatawa ba, amma tunda sau ɗaya ne a rana me zai kai ka cikin saɓanin, ka fesa bayan shan ruwa ko lokacin sahur shikenan.

Ƙa'idar babba a fluticasone ko mometasone fesa biyu a kowace ƙofa sau ɗaya a rana, in abu ya lafa a koma ɗaya ɗaya, mafi ƙarancin da zai riƙe ka shi ake so. Ƙara yawa ba ya ƙara sauri, haɓo kawai yake ƙarawa. In ka manta jiya kar ka rama yau. Za ka iya yin duk hunturun a kai, wata uku huɗu, akwai ma masu yin shekara a ƙarƙashin kulawar likita, ba ya kama mutum irin kamun Otrivin. Baɗi in Allah ya kai mu kar ka jira sai hazo ya rufe Dala, ka fara sati biyu kafin lokacin da ka san abin yana taso maka. Ranar da ido ya dame ka da ƙaiƙayi ka haɗa da ƙwayar aleji ta sha, loratadine ko cetirizine. Piriton yana sa barci, ba na mai tuƙi ba ne ko mai ƙirga kuɗi. Ampiclox da sauran antibayotik kuwa ba su da aiki a nan ko kaɗan, aleji ba ƙwayar cuta ba ce.

Maganar yaro. Kar ka fesa masa naka. Na farko ba a haɗa kwalba, abin da yake hancinka za ka kai masa. Na biyu yaro ɗan shekara 7 mai toshewar hanci sai an duba shi, dan ba kowace toshewa ce aleji ba, wani naman bayan hanci ne ya girma shi ya sa yake barci baki buɗe yana minshari, wani kuma abu ya tura. In ka ga majina mai wari daga ƙofa ɗaya kawai a yaro, to ka ɗauka ƙwayar wake ce ko dutsen ado ko guntun katifa har sai an tabbatar ba shi ba ne, in kuwa ɗan ƙaramin batirin agogo ne wannan a ranar ake zuwa asibiti ko tsakar dare ne, dan cin nama yake cikin awanni. In an duba aleji ne, shekarunsa sun kai, ana ba yara fluticasone daga shekara 4, mometasone daga 3, fesa ɗaya a kowace ƙofa, babba ne zai dinga fesa masa ba a bar masa kwalba ba. Abin da muke sa wa ido a yara shi ne tsawo. An taɓa bin yaran da suka shekara a kan beclometasone aka ga tsawonsu ya ragu da kusan santimita ɗaya a shekarar in an gwada da sauran, shi ya sa muka fi zaɓar musu sababbin. Ka tsayar da shi jikin bango ka ja layi da fensir ka rubuta kwanan wata, duk wata uku a sake. In kuma yana da asma yana shaƙar inhela mai sitiroyid, ko ana shafa masa man ƙyasbi ko na ƙuraje mai sitiroyid, ka gaya wa likita dan haɗuwa suke su taru. Manya masu shafa man bilicin su ma wannan maganar ta shafe su, da yawan mayukan nan sitiroyid ne mai ƙarfi a ciki.

Akwai mutanen da ba za su saya kawai su fara ba sai sun yi magana da likita. Mai hawan jinin ido wato gilakoma, ko wanda ake da ita a gidansu, ko mai yanar ido, in za a daɗe a kai sai ana auna idon, kuma duk wanda ya ga ganinsa ya fara dishi-dishi ya je a duba. Wanda akai wa aiki a hanci ko ya ji rauni bai warke ba. Mai tarin fuka da ba a fara masa magani ba. Mai juna biyu, ba wai haramun ba ne, budesonide ma an daɗe ana ba su, amma likitan awo ya sani. Sai wani rukuni da ba kowa yake son faɗa ba, ba kai nake nufi ba Alhaji amma ya kamata a sani, masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki wanda akwai ritonavir a ciki, kamar haɗin atazanavir ko lopinavir. Ritonavir yana hana hanta lalata fluticasone, sai ɗan feshin nan ya taru a jini ya zama kamar mutum dexamethasone yake sha, fuska ta kumbura da gaske. Irin waɗannan mutanen beclometasone aka fi ba su. Ƙwayar ketoconazole da itraconazole ma suna irin haka. Ka gaya wa likita ko mai famasi duk abin da kake sha, sirrinka a gurinsu yake.

Kwalbar kanta, ka saya a famasi mai rajista ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kar ka bar ta a gaban mota, zafin Kano a Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa ma balle cikin mota a kulle. Bakin ka dinga gogewa bayan kowane amfani, sati sati ka cire ka wanke da ruwan ɗumi ya bushe. In ya toshe jiƙa shi za kai, kar ka zura masa allura ko tsinke, ka faɗaɗa ramin ka ɓata awon. An rubuta yawan fesawa a kwali, mai 120 in kana huɗu a rana wata ɗaya ne cif.

A shago ka sa takunkumi lokacin kunce dila da shara, yaron shago ya yayyafa ruwa kafin ya share. A gida nasan maganar turaren wuta ba mai sauƙi ba ce, amma ka roƙi Hajiya ta dinga turara ɗaki tun kafin ka dawo ta buɗe taga, igiyar leƙo kuma a musanya ta da gidan sauro, kafet ɗin ɗakin kwana in za a iya naɗe shi a naɗe.

Ka ba shi sati huɗu cur, kullum, da fesawa irin wadda na kwatanta. In babu canji, ko toshewar a ɓangare ɗaya ce tak, ko ka daina jin ƙanshi, ko majina ta koma kore da zazzaɓi da ciwon fuska, ko ka fara jin ƙirji na shaƙewa da tari cikin dare, to ka nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai a asibitin Malam Aminu Kano akwai a Murtala, a leƙa da na'ura a ga ko tsiron nama ne ko bangon ne ya karkace. Ranar da za ka je ka tafi da kwalaben biyu da duk wata ƙwaya da kake sha a leda ɗaya, ka riƙo hannun yaron ku tafi tare.